Ɗan Gonin da Bai Rubuta Alƙur'ani Ba

Ni Bafulatanar Yola ce, kuma a gidanmu mace ba ta kiran sunan mijinta, don haka ko a takarda ba zan fara yau ba. Maigida nake ce masa a gaban mutane. In mu biyu ne ya ba ni haushi, sai in ce masa Babarbare, shi kuma ya ce mini Fulata, tunda wasa ne tsakanin Fulani da Barebari tun kaka da kakanni. An ɗaura mana aure ba da daɗewa ba bayan samun 'yancin kai. Lokacin shi ƙaramin malamin gona ne mai yawo da keke wajen masu noman shinkafa a bakin tafkin Njuwa, ni kuma ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare a Jimeta.

Tun ina amarya na lura mijina ba ya son karatu da idonsa. In ya dawo daga aiki ya yi la'asar, sai ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida, ya miƙo mini takardun da ya zo da su daga ofis, ya ce idonsa ya sha rana, in karanta masa. Ya kwanta rigingine, ya kifa hula a fuska, kamar mai barci. Sau ɗaya tak nake karantawa. Washegari zai iya zayyana wa mutum abin da ke ciki daga farko har ƙarshe, har da wurin da mai rubutun ya yi kuskuren lissafi. Da fari daɗi abin yake mini, ina ganin ai so ne ya sa yake neman jin muryata. Da ciki ya zo, goyo ya zo, ga littattafan yara na jiran maki, sai daɗin ya ragu. Na sha ce masa, wai ni aka aura ko akawu aka ɗauka ba albashi? Sai ya yi dariya ya ce Bafulatana ai sai da aiki, in an bar ta haka kawai sai ta tafi neman shanu.

Ya je asibitin ido har Kano. Suka duba suka ce idonsa garau yake. Duk da haka ya dawo da tabarau da ya saya a kanti, kuma aikin tabaran nan ɗaya ne a duniya, wato a manta da shi a gida. Duk inda aka miƙo masa takarda a cikin mutane, sai ya lalubi aljihu, ya ja tsaki, ya ce ya bar tabarau, wani ya taimaka ya karanta.

Da aka ƙirƙiro jihohi muka faɗa Jihar Arewa maso Gabas, aka mayar da harkokinmu Maiduguri, kujeru suka yi ta buɗewa. Maigida ya yi ta hawa, don ba wanda ya san ƙasar fadama da halin manoma kamarsa. Keke ya zama babur, babur ya zama Landuroba da direba. A ofis yakan tura wa akawu fayil ya ce, karanta ina jin ka, shi kuma ya juya yana kallon taga. Akawuna suka ɗauka isa ce irin ta manya. Ba ya sa hannu a takarda ranar da aka kawo ta, sai ta kwana, aka ce ai mutum ne mai taka-tsantsan. In za shi taro Maiduguri, sai mu yi 'yan kwanaki ina karanta masa duk abin da za a tattauna, sannan ya haye kogin Binuwai a jirgin fito ya tafi. Can kuwa ya miƙe ya yi bayani ba ko guntuwar takarda a hannu, manya su yi ta jinjina masa. Ni kaɗai na san yadda yake dawowa ranar da aka raba sabuwar takarda a tsakiyar taro aka ce kowa ya duba nan take. Rigarsa sharkaf da gumi, kansa na sara, ko tuwo ba ya iya ci.

Amma ba ofis ne ciwon mijina ba. Ciwonsa yana unguwar Bako, a zauren mahaifinsa.

Surukina Goni ne, wato gwanin Alƙur'ani a bakin Barebari. Daga Borno ya zo Yola tun yana saurayi, ya kafa makaranta, ya yaye mahaddata da ba su ƙirguwa. A al'adar gidansu hadda kaɗai ba ta isa a kira mutum ya gama ba. Sai ya zauna da tawada da alƙalamin kara ya rubuta Alƙur'ani duka da ka, ba tare da ya duba wani ba, malamai su taru su bi shi baƙi bayan baƙi, sannan a yarda da shi. Kakansu ya rubuta, Goni ya rubuta ba sau ɗaya ba, yayyen maigida da ƙaninsa duk sun rubuta. Shi kaɗai ne bai rubuta ba.

Yayarsa mace ce ta ba ni labarin wata rana muna tsintar shinkafa a tsakar gidansu. Ta ce tun yana ɗan mitsitsi, in ana biya wa manya karatu yana gefe yana wasa da ƙasa, kafin su riƙe shi ya riƙe. Ya riga yayyensa kammala hadda, har baƙi na zuwa daga nesa don su ji shi. Goni ya sa rai a kansa fiye da kowa. Da aka zo rubutu a allo sai abu ya tsaya cak. Ayar da zai karanta maka ido rufe, in ya zo rubuta ta sai ya tsallake baƙi, ya sa na gaba a baya, ya bar ɗigo. A wanke allo, ya sake, ya yi wani kuskuren a wani wurin. Kuskure kuwa a maganar Allah ba abin wasa ba ne a gidan nan. Goni ya ce yaron da ya haddace Baƙara kamar shan ruwa ba zai ce rubutu ya gagare shi ba, sakaci ne da raini. Ya yi nasiha, ya yi dorina, ya hana shi fita, ya yi masa rubutun sha, duk a banza. Shekarar da En'e ta matsa wa masu unguwa kowane gida ya ba da yaro a kai makarantar boko, Goni bai yi dogon tunani ba, ya nuna shi. Yayar ta ce a lokacin ba wanda ya ɗauki hakan a matsayin gata, kowa ya san kora ce.

A bokon ma da kunne ya tsira. Malamai na karantawa a aji yana kwashewa, abokai na karanta masa littafi shi kuma yana koya musu lissafi. Jarrabawar rubutu ya riƙa tsallake ta da ƙyar, ta baki da ta aikin hannu kuwa ba mai kama ƙafarsa.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan je Bako gaisuwa. Mutumin da manyan gari ke miƙewa in ya shigo, a can sai ya sa direba ya tsaya tun daga bakin layi, ya taka da ƙafa, ya tuɓe takalmi nesa da ƙofa, ya zauna a bakin tabarma ƙasa da ƙaninsa. Goni bai taɓa yi masa tsawa a gabana ba. Akawu kawai yake kiransa, duk girman muƙaminsa. Ya akawu, ya aikin Nasara? Shi ke nan, sai ya juya ga sauran su ci gaba da zancen karatu. Ni abin yana ƙona mini rai. A hanyar dawowa in yi ta faɗa, shi kuwa yana kallon gonaki.

Bayan an gama yaƙin basasa, a wani dogon hutu, aka tara mu malaman firamare a kwalejin horar da malamai don kwas na sabunta aiki. Cikin masu koyar da mu akwai wata mata Kirista daga kudancin Adamawa, ba ta daɗe da dawowa daga karatu a Ingila ba. Madam muke ce mata. Gajeriya ce, mai kaifin murya, ga agogon hannu irin na maza. Hausarta irin ta Jimeta ce, mace da namiji duk ka take ce musu. Wata rana ta yi mana darasi kan yaran da karatu ke ba wuya. Ta ce akwai yaron da ƙwaƙwalwarsa ta fi ta kowa a aji, idonsa lafiya, kunnensa lafiya, amma haɗa harafi da sautinsa yana yi masa nauyi, kuma haka aka halicce shi. Ba lalaci ba ne, ba taurin kai ba ne, bulala ba ta maganinsa. Ta rubuta sunan abin a allo, disleksiya. Ta ce irin wannan yaron in ya girma ba rabuwa yake da abin ba, dabarun kauce masa yake koya.

Sauran malamai suna ta tuno 'yan ajinsu. Ni kuwa mangwaron gidana nake gani da mutum kwance da hula a fuska.

Da aka tashi na bi ta har bakin ofishinta, na ce wanda nake tunani ba yaro ba ne, babban ma'aikaci ne. Ta dube ni ta ce, "Malama, babba ya fi wuya. Yaro bai iya ɓoyewa ba tukuna. Babba mai ƙwaƙwalwa kuwa ya yi shekaru yana gyara hanyan gudu, in ka ba shi jarrabawan yara zai cinye, ka ce lafiyansa ƙalau. In ya yarda, kawo shi. In bai yarda ba, kar ka ja shi."

Bai yarda ba. Ya ce shi da 'ya'yansa da furfurarsa ba zai je wata mata ta zaunar da shi tana nuna masa a-ba-ca-da ba. Ya ce in magana ta fita aka ji a Maiduguri fa? Na ce ba mai ji. Ya ce Fulata, ke dai ba ki iya ganin abu zaune lafiya ba sai kin tone shi. Na yi fushi na ce to daga yau ya nemi mai karanta masa. Fushin bai kai ko'ina ba, washegari da la'asar ina gindin mangwaro da fayil a cinya.

Ana nan, wata rana ina tsakiyar karanta masa rahoton taki, sai ya ɗage hular daga fuskarsa ya tambaye ni, ita matar nan cewa ta yi haka ake haihuwar mutum da shi? Na ce haka ta ce.

"In gaskiya ne akwai irin wannan abu," ya ce, "to ba ni na ƙi ba ke nan."

A nan na gane cewa shi kansa bai sani ba. Duk shekarun nan, a can ƙasan ransa, ya yarda da hukuncin mahaifinsa. Yana ganin wataƙila da gaske akwai wani lalaci ko wata tsiya a cikinsa da ta hana shi rubuta littafin Allah. Tausayinsa ya kama ni har na kasa ci gaba da rahoton.

Daga nan ne ya yarda. Ranakun Asabar da safe muka riƙa zuwa gidan Madam a cikin kwaleji, shi da kansa yake tuƙi, ba direba. Ranar farko babbar riga ya sa kamar mai zuwa taro. Kafin ta gama zuba shayi ya san garinsu, ya san irin ƙasar gonar mahaifinta, har ya ba ta shawarar irin gyaɗar da za su shuka. Ta bar shi ya gama, sannan ta fara tambayarsa tarihi: yaushe ya fara magana, yaya allo ya kasance, yaya elementare, akwai wani a dangi mai irin wannan, mene ne likitan ido ya ce. Ya amsa komai tiryan-tiryan, yana yi yana sa ta dariya.

Sai ta miƙa masa wata ƙasidar Turanci kan noman auduga ta ce ya karanta a fili. Ya riƙe ta, ya gyara murya, ya zuba karatu sumul ba ko tuntuɓe. Na ga Madam ta ɗaga gira tana kallona, kamar mai cewa, wannan ne kika kawo mini? Bakina bai iya shiru ba. Na ce, Madam, wannan ƙasidar ni na karanta masa ita bara. Hararar da ya yi mini ranar har yau ina tuna ta. Shi bai ma yi da niyyar ha'inci ba, abin ya zame masa jiki, layin farko kawai ya gane sauran suka zubo daga ka.

Madam ta yi dariya har da riƙe ciki, ta shiga ɗaki ta fito da littafin koyon keken ɗinki, abin da ta tabbata ba wanda ya taɓa karanta masa. A nan tafiya ta canza. Ya riƙa bi a hankali, yatsa a kan layi. Duk da haka bai faɗi ba, don in ya kama kalma biyu uku sai ya cinko sauran daga ma'anar zance. Ta nuna mini daga baya wuraren da ya faɗi wata kalma dabam da wadda ke rubuce, amma mai ma'ana ɗaya da ita. Ta ce ka ga, ba karanta kalman yake ba, hankalinsa ne ke cike gurbi, kuma hankalin nasa yana da kyau har ya kusa rufe ramin duka.

Saboda haka a Asabar ta gaba ta shiga cire masa abin dafawa ɗaya bayan ɗaya. Ta kawo katuna masu kalmomi da ba su da alaƙa da juna, ba jimla, ba labari, ta cire agogonta ta ajiye a tebur tana duba lokacin da yake ɗauka. Ta yi masa shifta. Ta nuna masa hotunan abubuwan da kowa ya sani a jere, ta ce ya kira sunayensu da sauri. Ta gaya mana gaskiya cewa katunan da ta zo da su daga Ingila don 'ya'yan Turawa aka yi su, ba za ta auna shi da mudun wasu ba, don haka ta yi nata da Hausa ta gwada a kan ɗalibanta tukuna. Ni ma ta sa ni na yi a wani ɗaki, don ta ga yadda mai karatu na yau da kullum zai yi. Na fito ina taƙama, ya ce ai dole, mai karanta fayil kyauta.

Ta kuma juya abin. Ita ta karanta masa dogon bayani mai sarƙaƙiya kan dokar gado ta wata ƙasa, sau ɗaya, ta yi masa tambayoyi. Bai faɗi ko ɗaya ba, har ya nuna mata inda dokar ta ci karo da kanta. Ta ba shi wasu 'yan katakai ya haɗa siffofi, ya gama kafin ta gyara zama. Ta ce wannan tazarar take nema, tsakanin abin da yake iyawa da kunne da hannu da abin da yake iyawa in harafi ya shiga tsakani.

Abu na ƙarshe shi ne kalmomin da ita ta ƙirƙira, waɗanda ba su da ma'ana a kowane harshe. Ba a taɓa jin su ba balle a haddace, ba ma'ana balle a cinka. Sai dai mutum ya bi harafi ɗaya ɗaya ya haɗa sauti. 'Yan ajina na biyu masu ƙoƙari za su iya. Mijina ya riƙe katin farko ya daɗe. Ya fara, ya tsaya, ya koma baya, ya faɗi wani abu da ba shi ba. Na biyu ma haka. Gumi ya keto masa. Duk barkwancin nan ya ɗauke. Ya ajiye katunan a hankali, ya fita ya tsaya a gindin gwaiba a bayan gidan ya ba mu baya. Na yunƙura zan bi shi, Madam ta riƙe mini hannu.

Da ya dawo bai zauna ba sai da ya ce yana da roƙo. Ya ce shi ba a boko ya fara faɗuwa ba, a allo ne. Yana so a gwada shi da baƙaƙen Larabci. Madam ta ce ita ba ta iya su ba. Ni na yi makarantar allo kafin boko, don haka ni na zauna na rubuta mata irin waɗannan kalmomin da ajami, da wasullansu, tana faɗa ina rubutawa. Hannuna bai so aikin nan ba, don na san abin da zai fito. Abin da ya faru da na boko shi ya faru da waɗannan.

Madam ta mayar da agogonta hannu. Ta ce ita ba likita ba ce, kuma ba ta da wata takarda da za ta ba shi wadda gwamnati ta sani. Amma abin da ta gani a makonnin nan, da tarihin da ya ba ta, duk sun tafi wuri ɗaya, kuma ba ta shakka.

"Tun ina yaro haka nake?" ya tambaye ta.

"Tun aka haife ka."

"Da na ƙara ƙoƙari fa?"

"Ranka ya daɗe, ƙoƙarin da ka yi ya ishi mutum uku. Ba a nan matsalan yake ba."

Ta ba shi shawarwari kan aiki, yadda zai riƙa neman a aiko masa takardun taro tun da wuri, da yadda zai riƙa faɗa mai tafireta na bugawa. Yana ta gyaɗa kai, amma na san ba ya wurin. A hanya, wajen da ake hango ruwan Njuwa, ya tsayar da mota a gefen titi, ya kifa kai a sitiyari. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar. Da ya ɗago sai ya ce Juma'a zai gaya wa Baba.

Satin nan ban taɓa ganinsa da sauƙin rai haka ba. Ya yi ta gwada yadda zai faɗi abin da Barbarci, tunda ba su da kalmarsa. Ni ma na ƙosa Juma'a ta zo. Ina so in ga tsohon nan ya ji, ina so in ji ya kira mijina da wani abu ba akawu ba.

Lokacin Goni ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, ba ya fita sai masallaci. Muka tarar da shi shi kaɗai a zaure a kan buzunsa, sauran ba su dawo ba. Na durƙusa na gaishe shi na shige ciki, amma ban yi nisa ba. Na tsaya bayan ƙofar da ke shiga gida. Zaman shekaru ya sa ina jin Barbarci daidai gwargwado, ko da ba na mayarwa.

Bayan gaisuwa maigida ya ce, Baba, ka tuna lokacin da nake rubutu a allo? Tsohon ya ce yaya zai manta. Na ɗauka daga nan mijina zai ɗora, amma Goni ya riga shi. Kamar dama maganar na cikinsa tana jiran a taɓa ta. Ya ce kwanan nan yana yawan lissafin abin da zai tarar a gaban Allah. Ya ce shi bai tara komai ba, amma abu ɗaya yake sa rai da shi: duk tsawon koyarwarsa bai taɓa dukan yaro a kan abin da yaron ba zai iya ba. Wanda Allah bai ba shi ba yakan gane, ya sallame shi da daɗin rai ya tafi kasuwa ko gona. Ba ɗan da zai tsaya ranar gobe ya ce Goni ya zalunce shi.

"Kai kuwa Allah ya ba ka," ya ce. "Da idona na ga ya ba ka. Da ka so, da yau kai ke kan buzun nan."

Ina bayan ƙofa ina cewa a raina, faɗa masa, yanzu ne, faɗa masa.

"Haka ne, Baba," mijina ya ce. "Ka yafe mini."

"Na yafe tuntuni. Yarinta ce."

Ban san yadda na gama gaisawa da matan gidan ba. Muna shiga mota na buɗe masa wuta. Na ce makonni muna zarya, an tone ka har ƙasa, ka yi kuka a bakin titi, sannan ka je ka nemi gafarar laifin da ba ka yi ba? Na ce wannan ba ladabi ba ne, tsoro ne. Na faɗi maganganu da yawa, ya bar ni har na gaji. Sai da muka kusa shiga Jimeta ya yi magana.

"Fulata, kin ji abin da ya ce yana sa rai da shi. Abu ɗaya ne, kuma ya kusa tafiya. In na gaya masa, ni na sauke, shi ya ɗauka, kuma ba shi da sauran lokacin da zai saba da shi. Ni na saba. Yanzu dai na sani, ya ishe ni."

Na ce ni bai ishe ni ba. Ya ce ya sani.

Goni ya rasu da daminar da ta biyo baya. Har ya koma ga Allah akawu yake kiran ɗansa, kuma ba wanda ya ji komai a gidan, don maigida ya sa na yi masa alkawari. A zaman makoki wani tsohon malami ya riƙe hannunsa yana yi masa ta'aziyya, ya ce marigayi kullum yana faɗin cewa cikin 'ya'yansa kai kaɗai ka kuɓuce masa. Mijina ya ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ya ci gaba da aiki har ya yi ritaya da mutuncinsa, ni kuma na ci gaba da karanta masa, ban sake ƙorafi ba. Yanzu shi ma ya tafi, duk waɗanda maganar za ta taɓa sun tafi, shi ya sa na ga alkawarin ya sake ni. Na yi shekaru ina juya abin a raina. Wani lokaci in ga ya yi daidai, in ga ban taɓa sanin mutum mai girman zuciya kamarsa ba. Wani lokaci in ga an cuce shi sau biyu, na biyun da bakinsa. Tsohon bai yi ƙarya ba, iyakar abin da ya sani ya faɗa. Amma har yau in na tuna muryar mijina a zauren nan yana cewa a yafe masa, raina yakan ɓaci, kuma ban san da wa nake fushi ba.